Daga Ayarin Gwanja zuwa Takaful: Tarihin Raba Asara Tsakanin 'Yan Kasuwar Kudancin Kano

Tsakure

Maƙalar ta bi diddigin hanyoyin da 'yan kasuwar kudancin Kano suka bi wajen tsare dukiyarsu daga asara, tun daga zamanin fataucin goro har zuwa bayyanar kamfanonin takaful. Ta nuna cewa taimakekeniyar gargajiya takan gaza idan musiba ta game gari ɗaya a lokaci ɗaya, kuma bambancin da malaman Malikiyya suka yi tsakanin ƙulla musaya da ƙulla kyauta shi ne ma'aunin da mai sabon jari zai auna inshorar da aka tallata masa.

Gabatarwa

Duk wanda ya tsaya a Kwanar Dangora, inda hanyar Tudun Wada da Doguwa ta rabu da babban titin Kano zuwa Zariya, zai ga jarin talaka yana wucewa dare da rana: buhunan shinkafa da masara, awaki da tumaki, kayan tireda, da motocin haya da aka saya da bashi. Mafi yawan wannan dukiya ba ta da wata garkuwa sai addu'ar mai ita. Idan aka tambayi saurayin da ya buɗe shago a Ƙiru, ko ya kafa injin gyaran shinkafa a Tudun Wada, dalilin da ya hana shi yin inshora, amsarsa ba ta wuce biyu: ko ya ce haramun ce, ko ya ce tawakkali ya ishe shi. Kowace amsa tana da gaskiya a cikinta, amma babu wadda ta cika. Kakannin wannan saurayi sun yi tawakkali, kuma sun yi tsari. Malaman da yake jingina da su sun haramta wani nau'i na inshora, kuma sun halatta wani. Tarihin ɓangarorin biyu shi ne abin da za a bibiya a nan.

Ayari da iyakar kariyarsa

A ƙarni na 19 Bebeji yana cikin manyan zangunan hanyar Kano zuwa Zazzau. Baturen nan Hugh Clapperton ya ratsa garin a 1826 yana kan hanyarsa daga Zariya zuwa Kano. Garin da kewayensa mazauni ne na Agalawa, waɗanda su da Tokarawa da Kambarin Barebari suka riƙe fataucin goro tsakanin ƙasar Hausa da kasuwar Salga ta ƙasar Gwanja, a arewacin Gana ta yau. Tafiya ce ta watanni a ƙafa da kan jakuna. Akwai 'yan fashi a daji, akwai ƙetare Kwara, akwai sarakunan da ke karɓar kuɗin wucewa, ga shi kuma goro kaya ne mai saurin lalacewa idan ya rasa kulawa. Kusa da gida ma ba a tsira ba, domin hare-haren Ningawa sun daɗe suna addabar kudancin Kano a rabin ƙarshe na wannan ƙarni.

Maganin da fatake suka samo shi ne ayari. Madugu ke shugabanci, jagaba ke gaba yana duba hanya da masauki, uban dawaki ke kula da tara kuɗin da za a biya a mafitai da ƙofofin garuruwa, malami kuma yana riƙe da rubutu da addu'a. Yawan jama'a yana tsorata ɗan fashi, kuma ciniki da baki ɗaya yana rage abin da sarakunan hanya za su tatsa. A zango kuma akwai fatoma, wato maigidan da ke saukar da baƙo, ya adana kayansa, ya nemo masa mai saye, ya tsaya masa idan an yi cinikin bashi. Abner Cohen, a littafinsa na 1969 kan Hausawan Sabo ta Ibadan, ya nuna cewa wannan tsari na maigida ya rayu har zamanin jirgin ƙasa da mota. Paul Lovejoy kuma ya yi cikakken bayanin ayarin goro a littafinsa na 1980.

Sai dai a lura da abu ɗaya. Aikin ayari shi ne rage yiwuwar asara; mayar wa wanda ya yi asara dukiyarsa aikin wasu ne. Wanda jakinsa ya faɗa ruwa da kaya, dangi da ubangida da abokan sana'a ne suke tayar da shi, ta hanyar jaje da gudummawa, ko a ba shi sabon jari ya juya. Adashi da biki da gayya duk a kan wannan ginshiƙi suka tsaya: yau gare ni, gobe gare ka. Tsari ne mai kyau matuƙar musibar ta sami mutum ɗaya, sauran suna tsaye.

Abin da ya faru a Bebeji lokacin Basasar Kano ya nuna iyakar tsarin. Bayan rasuwar Sarki Muhammadu Bello a 1893, yaƙi ya ɓarke tsakanin ɗansa Tukur da Yusufawa, bai lafa ba sai 1895. Masu rubuta tarihin Alhassan Ɗantata, wanda aka haifa a Bebeji a 1877 cikin zuriyar madugai Agalawa, sun ruwaito cewa an washe garin a wannan yaƙi, aka kama shi tare da 'yan'uwansa, sai daga baya suka fanshi kansu. Ranar da aka washe gari, mai ba da gudummawa da mai karɓa duk hannu rabbana suke. Ɗantata ya farfaɗo, ya zama attajirin da ba a yi kamarsa ba a zamaninsa, har ya rasu a 1955. Amma tarihi bai riƙe sunayen ɗimbin ƙananan fataken da jarinsu ya tafi a irin waɗannan ranaku bai dawo ba.

Abin da fiƙihu ya tanada

Malaman da suka karantar da waɗannan fatake ba su rasa abin cewa a kan asara ba. Risalar Ibn Abi Zaid al-Ƙairawani, wadda har yau ake karanta ta a zaurukan Kano, ta kawo hukuncin ja'iha: idan annoba ta halaka sulusi ko fiye na 'ya'yan itacen da aka sayar tun suna bisa, ana sauke wa mai saye kuɗin abin da ya halaka. Ta kuma kawo lamuncewar masu sana'a, wato ɗora wa maɗinki ko marini nauyin kayan mutane da suka salwanta a hannunsa, domin maslahar jama'a. A babin ƙiradi kuwa, asarar jari tana kan mai dukiya matuƙar mai juyawa bai yi sakaci ba, kuma ba a yarda a sharɗanta masa lamuni ba. Duk waɗannan amsoshi ne ga tambaya ɗaya: idan dukiya ta salwanta, wa zai ɗauka?

Akwai kuma hukunce-hukuncen da suka raba nauyi a kan jama'a. Diyyar kisan kuskure tana kan aƙila, wato dangin wanda ya yi kisan ta wajen uba, kuma Sayyidina Umar ya mayar da ita kan waɗanda rajistar diwani ɗaya ta haɗa. Wannan ya nuna cewa ba jini kaɗai ke haɗa masu ɗaukar wa juna nauyi ba. Rajista ma tana haɗa su. Bukhari da Muslim sun ruwaito yabon da Manzon Allah (SAW) ya yi wa Ash'ariyyawa, saboda idan guzuri ya yi musu ƙaranci sukan tara abin da ke hannun kowa su raba daidai, alhali abin da kowa ya kawo ba daidai yake ba. Malaman Malikiyya na Ƙairawan da Andalus kuma sun hukunta cewa idan aka jefar da wasu kaya a teku don a ceci jirgi, masu kayan fataucin da ke cikinsa za su raba asarar gwargwadon ƙimar kayan kowa. Ga kuma rabon da aya ta 60 ta Suratut Tauba ta ware wa waɗanda bashi ya danne, da hadisin Ƙabisa a Sahihu Muslim, wanda ya halatta roƙo ga mutumin da annoba ta share dukiyarsa har ya sami abin tsayuwa.

A ɗaya gefen, shari'a ta hana cinikin garari, wato cinikin da ba a san ko abin da aka saya zai samu ba, ko nawa ne zai samu, kamar sayar da kifi yana cikin ruwa ko raƙumin da ya ɓace. A nan ne Imam al-Ƙarafi, wanda ya rasu a 684 Hijiriyya (1285), ya fayyace a littafinsa al-Furuƙ wata ƙa'ida ta mazhabar Imam Malik: garari yana ɓata ƙullin musaya, inda kowane ɓangare yake ba da dukiya don ya karɓi dukiya, amma ba ya ɓata ƙullin kyauta tsantsa, domin wanda aka yi wa kyautar raƙumin da ya ɓace bai yi hasarar komai ba idan ba a gan shi ba. Daga baya al-Haɗɗab, wanda ya rasu a 954 Hijiriyya (1547), ya keɓe littafi guda ga mas'alar wanda ya lazimta wa kansa yin alheri, da lokacin da alƙali zai tilasta masa cikawa. Waɗannan ƙa'idoji biyu su ne tubalin da aka gina takaful da su bayan ƙarnoni.

Zuwan inshorar Turawa da muhawarar malamai

Inshorar da ake biyan kamfani kuɗi don ya ɗauki haɗari ta tsiro ne a biranen kasuwancin teku na Italiya a ƙarni na 14, ta bunƙasa a Landan, musamman bayan babbar gobarar 1666. Malamin farko da aka sani ya tattauna ta shi ne Ibn Abidin, Bahanafe mutumin Dimashƙa, wanda ya rasu a 1836. A hashiyarsa Raddul Muhtar ya ambace ta da sunan saukara, ya bayyana yadda 'yan kasuwa ke biyan wani baƙo kuɗi don ya lamunce kayan da ke cikin jirgi, ya kuma hukunta cewa bai halatta a karɓi fansar ba idan a ƙasar Musulunci aka ƙulla, domin an ɗora wa mutum abin da shari'a ba ta ɗora masa ba.

A Nijeriya inshora ta shigo ne a bayan kamfanonin Turawa, don tsare kayansu. Kamfanin Royal Exchange Assurance ya buɗe reshe a Ikko a 1921, shekaru goma bayan layin dogo ya iso Kano a 1911, abin da ya haifar da bunƙasar cinikin gyaɗa. Talakan da ya noma gyaɗar da ɗan kasuwar da ya tara ta a ƙauye ba su cikin lissafi. Mutumin Arewa ya yi arba da inshora ta hanyar dokar 1945 da ta wajabta wa masu mota inshorar wanda suka yi wa ɓarna. Saboda haka aka san ta a matsayin takardar da ake nuna wa ɗan sanda, wani nau'in haraji, kuma wannan kallo bai gushe ba har yau a tashoshin mota.

A ƙasashen Larabawa muhawara ta yi zafi a tsakiyar ƙarni na 20. A taron makon fiƙihu da aka yi a Dimashƙa a 1961, Shaikh Mustafa az-Zarƙa ya kare halaccin inshora, yana ganin abin da mai biya ya saya shi ne aminci, kuma ya same shi tun ranar ƙulli. Shaikh Muhammad Abu Zahra ya saɓa masa a kan inshorar kasuwanci. Cibiyar binciken Musulunci ta Azhar ta halatta inshorar taimakon juna a 1965. Majalisar manyan malaman Saudiyya a 1977, da majalisar fiƙihu ta Rabiɗa a 1978, suka haramta ta kasuwanci suka halatta ta taimakon juna, duk da cewa az-Zarƙa ya tsaya a kan ra'ayinsa. A Disambar 1985, a Jidda, majalisar fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi ta tabbatar da haka a ƙudurinta mai lamba 9. Manyan hujjojinsu uku ne: garari mai yawa a cikin ƙullin musaya, kama da caca, da kuɗin ruwa, ko a musayar kuɗi kaɗan da kuɗi mai yawa, ko a inda kamfani ke zuba abin da ya tara.

Haramci ba tare da madadi ba yakan bar mutane a rana. Madadin ya fito daga Sudan, ƙasar Malikiyya. Shaikh Siddiƙ ad-Darir, wanda ya yi fice da littafinsa kan garari da tasirinsa a ƙulle-ƙulle, yana cikin malaman da suka shimfiɗa wa Bankin Musulunci na Faisal tsarin kamfanin inshorar Musulunci na farko, wanda aka kafa a Khartum a 1979. Maleshiya ta yi dokar takaful a 1984. A Nijeriya, an kafa hukumar kula da inshora ta ƙasa, NAICOM, a 1997, kuma wasu kamfanonin gama-gari, irin su African Alliance, suka fara buɗe sassan takaful. Hukumar ta fitar da ƙa'idojin takaful a 2013, sannan a 2016 ta ba Noor Takaful da Jaiz Takaful lasisi a matsayin kamfanonin da takaful kaɗai suke yi. Wasu sun biyo baya.

Bambancin tsarin shi ne wannan. A takaful, abin da mahalarci ya biya gudummawa ce da ya lazimta wa kansa ga asusun mahalarta. Asusun nasu ne, a ware yake daga dukiyar masu kamfani. Kamfani wakili ne da ke karɓar ladan aiki sananne, ko mai juya kuɗi bisa ƙiradi. Idan asusu ya yi rara bayan biyan waɗanda musiba ta sama, mahalarta suna da haƙƙi a ciki. Idan ya gaza, kamfani yakan ranta masa ba tare da ruwa ba. Aƙila ce ta rajista, irin ta diwanin Umar, mai faɗin da ya wuce gari ɗaya. Wannan faɗin shi ne abin da gudummawar Bebeji ta rasa a lokacin Basasa, kuma shi ne abin da 'yan kasuwar Sabon Gari a Kano suka rasa a gobarar Maris ɗin 2016, lokacin da maƙwabci da maƙwabcinsa suka wayi gari a kan toka ɗaya. Haka nan, akwai malaman da suke sukar wasu kamfanonin takaful da cewa suna kawai suka sauya, kuma suka ce da ta cancanci a saurare ta.

Ma'aunin zaɓi ga mai sabon jari

Daga wannan tarihi, mai fara sana'a a Dangora ko Doguwa zai iya fitar da ma'auni. Na farko, ya tambayi kansa wace asara ce idan ta faru ba zai iya tashi ba. Ƙaramar asara, kamar lalacewar buhu ɗaya, ajiya da adashi sun ishe ta, kuma sayen kariya dominta ɓarnar jari ne. Wadda ake nemar wa asusu mai faɗi ita ce mai share jari gaba ɗaya: gobara ga mai shago ko injin niƙa, fashi ko haɗari ga mai ɗauko kaya ta dajin Falgore, ambaliya ko fari ga manomin da ya ci bashin taki. Domin manoma ne gwamnatin tarayya ta ƙaddamar da shirin inshorar noma a 1987, wanda hukumar NAIC ke gudanarwa.

Na biyu, ya fara da abin da doka ta wajabta kuma haƙƙin wani ya rataya a kansa. Inshorar wanda aka yi wa ɓarna da mota ta ƙaramar motar gida ta koma naira 15,000 daga farkon 2023, tana biyan ɓarnar dukiya har naira miliyan uku. Ta motar haya da ta kaya kuɗinta daban ne. Wanda ya sayi takardar bogi a bakin tasha ya tozarta kuɗinsa, ya kuma bar wanda zai buge ba mai biyansa. Tunda akwai kamfanonin takaful masu ba da wannan kariya, uzurin lalura da malamai suke yi wa wanda doka ta tilasta ya ƙuntata ga mai ikon isa gare su.

Na uku, ya binciki tsarin, kada ya tsaya ga suna. Shin kamfanin yana da lasisin NAICOM? Su wane ne malaman majalisar shari'ar da ƙa'idojin 2013 suka wajabta masa? Kashi nawa yake ɗauka ladan wakilci? Yaya ake raba rara, kuma ya taɓa raba ta? Ina ake zuba kuɗin asusu? Wanda ya ƙi amsa waɗannan tambayoyi ya riga ya amsa.

Na huɗu, ya karanta sharuɗɗa, ko ya sa a karanta masa, domin jahilci ma garari ne. Kariyar gobara ba lallai ta ƙunshi ambaliya ko tarzoma ba sai an ƙara su. Wanda kayan shagonsa suka kai naira miliyan biyu, ya rubuta miliyan ɗaya don ya rage gudummawa, idan wuta ta ci rabin kayan, rabin asararsa kaɗai za a biya shi. Kuma ba a biyan abin da babu shaidarsa. Littafin shige da fice da rasitan saye su ne hujja. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi ta sauka. Ƙarya wajen bayyana kaya ko ƙara gishiri wajen neman diyya kuwa, a takaful cin dukiyar 'yan'uwa mahalarta ne, ba ta wani kamfani mai nisa ba.

Kammalawa

Lokacin da Annabi Yaƙub (AS) zai tura 'ya'yansa Masar cikin ayari, ya umarce su da su shiga ta ƙofofi daban-daban, sannan a cikin aya ɗaya, ta 67 a Suratu Yusuf, ya shaida cewa wannan ba zai tunkuɗe musu hukuncin Allah ba, kuma gare Shi ya dogara. Madugan Bebeji a kan wannan suka tafi: suna da jagaba, suna da malami. Abin da ya rage shi ne aikin malaman yankin da na jami'o'inmu. Mutumin Ƙiru ya ji rabin fatawar 1985, wato haramcin, bai ji ɗaya rabin ba. Wajibi ne a isar masa da ita cikakkiya, da harshen da yake ji, a masallacin kasuwa da ƙungiyar 'yan tireda, a kuma matsa wa kamfanoni su kawo wakilansu Kwanar Dangora da takardun ƙulli cikin Hausa. Har zuwa lokacin da za a yi haka, saurayin da ya sayar da gonar gado ya buɗe shago zai ci gaba da kwana da jarinsa duka a bayan ƙofa ɗaya. Allah ne Mafi sani.